Labarin hatsarin babur bai kamata ya tsaya a kalmar "ganganci" ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina roƙon fili a wannan jarida in yi magana kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni mahayin babur ne, kuma mai bibiyar labarai. Duk sanda aka kawo labarin hatsarin babur, kusan da jimla ɗaya ake rufe shi, wato an danganta hatsarin da ganganci da gudun wuce sa'a. Sai a faɗi adadin waɗanda suka rasu, a wuce. Bayan kwana biyu wani mai muƙami zai fito ya ce za a hana hawa babur, ko a baza jami'ai su yi kame na mako biyu, daga nan ƙura ta lafa. Ganganci akwai shi, ba na musu. Amma kalmar ta zama bargon da ake lulluɓe komai da shi: tayar da ta gama aiki, hular jabu, birkin da mahayi bai iya kamawa ba, yashin da aka bari a kwana, direban da ya karya kan mai babur ba tare da ya duba ba. Kowanne cikin waɗannan maganinsa daban, kuma wasu ma ba a hannun mahayi suke ba, suna hannun masu yin doka ne da masu gyaran hanya.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan tituna kowace shekara, kuma fiye da ɗaya cikin biyar na waɗannan masu babur ne da masu keke mai ƙafa uku. Hatsarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Asarar da ta kai haka ta fi ƙarfin jimla ɗaya.

Bari in fara da hular kwano, domin a kanta aka fi yin siyasa. A watan Mayun 1935 T. E. Lawrence, sojan Birtaniyan nan da ya yi suna a yaƙin ƙasashen Larabawa, ya faɗi da babur a Ingila ba hula a kansa, ya rasu bayan kwana shida. Cikin likitocin da suka duba shi akwai Hugh Cairns, likitan ƙwaƙwalwa, wanda daga baya ya duƙufa kan binciken raunin kai a tsakanin sojoji masu kai saƙo a babur. Aikinsa ya sa rundunar sojan Birtaniya ta wajabta hula a 1941, amma sai 1973 dokar ta hau kan sauran jama'a. A Amurka kusan duk jihohi sun yi dokar hula bayan 1966, saboda gwamnatin tarayya ta ɗaure kuɗin gina hanya da ita. Da majalisa ta cire wannan sharaɗi a 1976, jihohi da dama suka soke dokar ko suka sassauta ta da sunan 'yancin mutum, mace-mace kuwa suka ƙaru. Biyetnam ta wajabta hula a duk titunanta ranar 15 ga Disamba 2007, kuma cikin ɗan lokaci kusan kowa ya sa. Sai dai wata matsala ta biyo baya: kasuwa ta cika da huluna marasa inganci, waɗanda amfaninsu kawai su raba mutum da ɗan sanda.

Wannan darasi na Biyetnam shi ne wanda 'yan siyasa ba sa ɗauka. Nazarin da Cochrane, ƙungiyar da ke tattara binciken lafiya, ta fitar a 2008 ya nuna hula tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 42 cikin 100, raunin kai kuma da kusan kashi 69. Amma hula ta gaske ake nufi. Abin da ke ceton kai ba ƙwaryar waje mai sheƙi ba ce. Farin soson nan ne mai tauri da ke ciki, mai kaurin kamar yatsu biyu. Idan kai ya bugi ƙasa, soson ne ke murƙushewa, ya shanye ƙarfin dukan, ya rage saurin da ƙwaƙwalwa za ta bugi ƙashin kai. Sau ɗaya yake wannan aiki, ba ya komawa yadda yake. Saboda haka hular da aka taɓa faɗuwa da ita ta gama aiki, ko da ba a ga tsaga a bayanta ba. Hular jabu kuwa, in ka ɗaga ƙyallen cikinta, za ka tarar da siririn soso mai laushi irin na kujera, ko ma ba komai. Mai saye ya danna da babban yatsa: in yatsan ya nutse har ya taɓo roba, ba hula ba ce. Ya nemi tambarin gwaji, irin su ECE 22.05 ko 22.06 na Turai, wanda ake ɗinkawa a jikin maɗauri, ko DOT na Amurka, duk da cewa masu jabu suna buga waɗannan ma. Shi ya sa nake ganin dokar da ke farautar mahayi a titi, ta ƙyale mai shigo da hular jabu da mai ƙera ta, ta yi rabin aiki ne.

Sai maɗauri. Hular da ba a ɗaure ba tana tashi daga kai kafin mutum ya kai ƙasa. A ɗaure ta yadda yatsu biyu kawai za su shiga tsakanin maɗaurin da haɓa, sannan a kama bayan hular a tura ta gaba da ƙarfi. In ta zame ta fita, ta yi yawa. Mai rufe haɓa ta fi buɗaɗɗiya, domin binciken da aka yi a Jamus kan hulunan da aka yi hatsari da su ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na duka a wajen haɓa yake sauka. Hular gini ba ta wannan aiki, an yi ta ne don abin da ke faɗowa daga sama.

Birki shi ne abu na biyu, kuma a nan ne aka fi koya wa sabon mahayi kuskure. Ana tsorata shi da birkin gaba, wai zai wuntsila da shi. Gaskiyar ita ce idan aka kama birki nauyi yana komawa tayar gaba, tayar baya ta yi sakayau. Don haka kusan kashi 70 cikin 100 na ƙarfin tsayawa, wani lokaci fiye, daga gaba yake zuwa. Wanda ya dogara da birkin ƙafa kaɗai, tayar baya za ta kulle, ta ja ƙasa, babur ya juya gefe. Abin da ke kayar da mutum a birkin gaba fizga ce. Ana fara matsawa a hankali na ɗan ƙiftawar ido har gaban babur ya nutsa, taya ta kama kwalta, sannan a ƙara matsawa da ƙarfi, ƙafa kuma tana taka na baya kaɗan. Wannan ba ya zuwa da kansa ranar tsoro, sai an maimaita shi a fili babu kowa, daga gudun kilomita 30, har hannu ya saba.

Lissafin kuma ba ya ƙarya. A gudun kilomita 60 a awa, babur yana cin kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya, kuma kusan daƙiƙa ɗaya mutum ke buƙata kafin ya gane haɗari ya kai hannu birki. A busasshiyar kwalta, da birki mai kyau da hannun da ya iya, sai an ƙara wajen mita 20 kafin a tsaya. A gudun 100 kuwa, mita 28 ce za ta tafi kafin a taɓa birki, sannan wajen mita 55 na tsayawa. In gudu ya ninka biyu, nisan birki sau huɗu yake ninkawa. Wannan ne ma'anar gudun wuce sa'a, kuma da za a riƙa bayyana shi haka da ya fi shiga kunne.

Tarayyar Turai ta wajabta na'urar ABS, mai hana taya kullewa, a sababbin baburan da girman injinsu ya wuce cc 125 tun daga 2016, Indiya kuma ta yi haka ga duk sababbi masu wannan girma a 2019, ta ce ƙananan su zo da aƙalla birki mai haɗa gaba da baya. Irin wannan doka ba ta tara jama'a a taron siyasa, ba kuma a ɗaukar hotonta, amma tana aiki a kowace tafiya ba tare da jami'i ya tsaya a titi ba. Abin da ya rage shi ne ƙananan babura, waɗanda su talaka ke hawa a yawancin duniya, su ne dokar ba ta cika kaiwa gare su ba.

Akwai kuma abin da labarai ba sa son faɗa: sau da yawa laifin ba na mai babur ba ne. Harry Hurt na Jami'ar Kudancin Kalifoniya ya fitar da bincike a 1981 kan hatsarin babur 900 a Los Anjalis. Kusan uku cikin huɗu karo ne da wani abin hawa, kuma a biyu cikin uku na waɗannan, ɗaya direban ne ya shiga hakkin mai babur, galibi a mahaɗa, ya karya kwana a gabansa. Dalilin a fili yake. Babur siriri ne, idon direba kuma faɗin mota yake nema, sannan da wuya a kimanta gudun abu siriri mai tahowa kai tsaye. Maleshiya ta wajabta kunna fitilar babur da rana a 1992 saboda wannan, kuma ta ware wa babura hanyarsu daban a gefen babban titin da ya haɗa Kuala Lumpur da Klang. Birnin Guangzhou na ƙasar Sin ya bi ta wata hanyar, ya hana babura shiga gari a 2007. A biranen Sin da aka yi irin wannan hani, mutane da yawa sun koma keke mai batir, domin buƙatar zuwa aiki da kai kaya ba ta gushe ba. Ina fahimtar hukuma idan matsalar tsaro ta tilasta mata taƙaita babur na wani lokaci a wani yanki. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a kira hani maganin hatsari, alhali ba a taɓa hula ko birki ko mahaɗa ba.

Shi kuma mahayi, in ya doshi mahaɗa ya ga mota tana jiran karyawa, kada ya dogara da cewa direban ya kalle shi. Ya dubi tayar gaban motar, ita ce ke fara nuna motsi. Ya rage gudu, yatsu biyu a kan birki, ya ɗan matsa gefen da za a fi ganinsa.

Hanya ma tana da nata kason, kuma wannan kaso na hukuma ne. Ramin da mota za ta faɗa ta wuce da ƙara kawai, shi ne zai lanƙwasa gargaren babur ya jefar da mutum. Tsakuwar da 'yan kwangila suka bari bayan faci, man dizal da ya zuba daga tanka a shataletale, fentin layi da murfin kwalbati na ƙarfe idan sun jiƙe, tudun rage gudu da ba fenti ba alama, gaɓar da ake bari a tsawon titi tsakanin sabuwar kwalta da tsohuwa: duk waɗannan ba sa shiga rahoto. Wurin da tayar babur ke taɓa ƙasa bai fi tafin hannu ba, kuma a kwana wannan ɗan wurin ne ke riƙe da komai. Share yashi daga kwana aiki ne mai araha, sai dai ba wanda ake yaba wa don ya yi shi.

Yanzu ga wanda zai yi doguwar tafiya, domin nan ne ƙaramin sakaci ke girma. Taya ake fara dubawa, kuma da sanyinta, kafin a hau. A auna iska da geji, ba da matsa yatsa ba. Adadin yana rubuce a littafin babur ko a takardar da ke manne kusa da sarƙa. A ƙananan babura yakan kama wajen 25 a gaba da 29 a baya a ma'aunin psi, a ƙara na baya zuwa wajen 33 idan akwai goyo ko kaya. Tayar da iskarta ta yi ƙasa tana lanƙwashewa a kowane juyi, ta yi zafi, tif ɗin ciki ya goge har ya fashe, kuma fashewar tayar gaba a guje ba ta cika barin mutum a kan babur ba. A gefen taya akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun DOT: 2321 na nufin mako na 23 na shekarar 2021. Tayar da ta wuce shekara biyar tana buƙatar sa ido ko da zanenta bai cinye ba, domin roba tana bushewa ta tsattsage. A cikin zanen kuma akwai 'yan tudu ƙanana. In saman taya ya zo daidai da su, ta ƙare.

Sarƙa ta biyo baya. A ɗora babur a kan tsayuwar tsakiya, a juya tayar baya a hankali ana taɓa sarƙar daga ƙasa, har a sami inda ta fi ɗaurewa, a nan ake aunawa. Wasan da ake so a yawancin babura milimita 20 zuwa 30 ne sama da ƙasa. In ta yi sako-sako za ta iya zamewa daga haƙora ta cushe, tayar baya ta kulle nan take. In kuma an ɗaure ta tam, kamar yadda wasu ke yi da zaton ƙwarewa ce, duk sanda babur ya faɗa rami sai ta ja, ta ci boris ɗin giya, ta kuma iya tsinkewa. A daidaita alamomin ɓangarorin biyu na bayan babur don taya ta tsaya saiti. Ɗan makullin da ke haɗa sarƙa, rufaffen bakinsa ne ke fuskantar inda sarƙa ke tafiya. In an juya shi, wani abu zai iya tuɓe shi a hanya. A sa mata mai duk bayan kilomita 500, da kuma bayan ruwan sama. In haƙora sun yi tsini ko sun karkata kamar ƙugiya, a canza su tare da sarƙar, domin tsofaffin haƙora suna cinye sabuwar sarƙa cikin ɗan lokaci.

Baƙin mai kuwa, ƙaramin inji bai fi lita ɗaya yake ɗauka ba, kuma iska ce ke sanyaya shi, saboda haka ragin da mota ba za ta ji ba shi zai sa injin babur ya kama. A duba a shimfiɗaɗɗen wuri, babur a miƙe. A nemi mai alamar JASO MA a jikin galan. A yawancin babura kuloci yana cikin mai ɗaya da inji, kuma wasu mayukan mota suna da sinadarin ƙara santsi da ke sa kuloci ya riƙa zamewa: inji na kuka, babur ba ya ja. Man birki yana shan danshin iska, shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu. Tsoho yana iya tafasa a doguwar gangara, hannun birki ya tafi har ƙarshe babu kamu. A gangara a sauko da giya, inji ya taya riƙewa, kada a kashe inji ko a saki giya don tsimin fetur. A tafi da fulogi, da wayar kuloci, da makullin sarƙa, da kayan faci da famfo.

Kaya a ɗaure su ƙasa-ƙasa kuma kusa da tsakiyar babur. Nauyin da aka tara can baya yana sa gaba ya yi sakayau, kan babur ya fara rawa idan gudu ya ƙaru. Bakin igiya da ya yi saura, da gefen doguwar riga ko mayafin wanda aka goya, a tattare su, domin waya-wayan tayar baya ba sa sakin abin da suka kama.

A kan hanya, babbar mota ce abin kiyayewa. In ba ka ganin fuskar direban tirela a madubinsa, shi ma ba ya ganinka. Kada a shiga tsakaninta da gefen titi idan za ta karya kwana, domin tayoyin bayanta suna yanke kwanar, ba sa bin sawun na gaba. Iskar da take turowa tana ture babur waje, ta bayanta kuma ta jawo shi ciki. A bar tazarar daƙiƙa uku, don ramin da mota ta haye ta tsakanin tayoyinta kai a gabanka zai ɓullo. Mintunan farko na ruwan sama sun fi santsi, saboda ruwan yana taso da mai da ƙurar da suka kwanta a kwalta. Gara a tsaya a jira ya wanke. A kwana kuma, a rage gudu kafin a shiga, a kai ido inda ake son fita. Babur yana bin ido: wanda ya ƙura wa rami ko bishiya ido, can zai nufa. In gudu ya wuce na tafiyar keke, tura hannun dama gaba kaɗan shi ke kwantar da babur dama, na hagu kuma hagu, kuma wanda ya san haka da saninsa yana iya kauce wa abu cikin gaggawa.

Tafiyar dare ba na ba kowa shawararta. Fitilar ƙaramin babur ba ta haska nisan da ake buƙata don tsayawa a gudun 80, ga dabbobi, ga motar da ta lalace aka bar ta ba alama. Gajiya ma tana zuwa wa mai babur da wuri, saboda iska da rana da ƙarar da ke cikin hula. A tsaya duk bayan awa ɗaya da rabi ko biyu, a sha ruwa tun ƙishi bai zo ba. Ƙwayar hana barci ba ta kawar da gajiya, ɓoye ta take yi, hannu kuma ya ci gaba da yin nauyi.

In hatsari ya auku, masu taimako kada su fizge hular wanda ya faɗi, kada kuma su ɗaga shi zaune ko su ɗura masa ruwa. Wuya yana iya karyewa ba a sani ba, kuma juyi ɗaya ya isa ya shanye masa jiki. A buɗe gilashin hular, a riƙe kai daidai da jiki, a danne inda jini ke zuba da tsumma mai tsabta. Ba a cire hula sai idan ba ya numfashi ko yana amai, kuma mutum biyu ke yi, ɗaya yana riƙe da wuya.

Roƙona gare ku, ranka ya daɗe, shi ne idan wakilinku ya je wurin hatsarin babur, ya ƙara 'yan tambayoyi kafin ya rubuta ganganci. Akwai hula, kuma tana kai ko ta tashi? Wace iri ce? Mutum nawa ne a kan babur ɗin? A mahaɗa ne ko a kwana, da rana ko da dare, kuma wa ya shiga gaban wa? Yaya kwaltar wurin take, kuma sau nawa aka yi hatsari a daidai nan? In kuma ɗan siyasa ya zo da sanarwar hani ko kame, a tambaye shi wace hukuma ce ke gwada hulunan da ake sayarwa, da yadda ake jarraba mahayi kafin a ba shi lasisi, da kuma ranar da za a gyara mahaɗar da aka yi hatsarin.

Na gode da wannan dama. Allah ya kiyaye hanya.

Wassalam,
Wani mahayin babur, mai karanta jaridarku